Lallen da Na Ɗaura wa Hajiya Memuna

Wata tara ke nan da Hajiya Memuna ta koma ƙasarsu, sai yanzu na samu natsuwar zama in rubuta abin da ya sami ƙafarta a gidana. Ba don a tausaya mini nake rubutawa ba, ba kuma don in wanke kaina ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a nan Malumfashi, na san darasin da ba a rubuta ba ɓacewa yake yi. Duk macen da take saukar baƙi ta karanta, ta ɗauki abin da zai amfane ta.

Hajiya Memuna mutuniyar Kumasi ce ta ƙasar Gana. Kakanta da kakan maigidana uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'yan Gozaki. Nata kakan ya bi fataken goro tun yana saurayi, bai sake waiwayo gida ba, zumunci ya yanke. Ɗanta Razak ne ya yi ta cigiya a waya har ya samo lambar Malam, wato maigidana. Aka yi shekara biyu ana gaisawa, sai ta ce ita kam kafin ta mutu sai ta taka ƙasar da kakanta ya fito. Ta iso mana da kaka, ana tsakiyar karyar masara. Ranar da ta taso Razak ya kira, Malam ya miƙo mini wayar, yaron ya ce, "Umma, ga amanar tsohuwata nan. Sati biyu za ta yi." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, gida ta zo. Bai ce mini tana da wani ciwo ba, ni kuma ban tambaya ba.

Mace ce mai jiki, mai fara'a, shekara sittin da 'yan kai. Tun a tasha ta ce in riƙa ce mata Yaya, ita kuma ta riƙe ni da ƙanwata. Na share mata ɗakin da ke kusa da nawa, na sa sabon zanin gado.

A unguwarmu in baƙo ya zo daga nesa, ba gidan da ya sauka kaɗai ke ciyar da shi ba. Kowane gida sai ya aiko da kwano, kuma ana duba kwanon in ya dawo. Wanda ya koma kamar yadda ya zo, maganarsa sai ta kwana uku tana yawo. Balle an ji jikar mutumin da ya ɓace ce ta dawo. Ranar farko kwano tara na ƙirga a ƙofar ɗakinta: fura da nono an zabga suga, kunun gyaɗa, masa da zuma, alkaki, ga rake ɗauri guda da wani abokin Malam ya aiko daga Maska, ga mazarƙwaila. Ana shigar mata da su ɗaki a saki labule, don ba a tsaya wa baƙo a ka yana cin abinci. Kwanukan suna fitowa an taɓa kowanne, wasu ma an share su tas. Ni kuwa sai daɗi nake ji, ina ce wa mata baƙuwata ba ta da iyayi.

Sau ɗaya ta ce mini, "Ƙanwata, abincin nan ya yi yawa."

Na ce, "Yaya, har na kakanki da bai ci ba ke za ki ci."

Ta yi dariya, ba ta ƙara ba.

Alamu kam sun bayyana tun satin farko, ni ce ban karanta su ba. Ruwa take sha kamar mai aikin gona, kafin azahar ta tashi da buta biyu na ruwan randa. Tana yawan zagayawa. Na ce zafin garinmu ne bai karɓe ta ba. Ranar nan na ga tururuwa sun yi layi a makewayin da take shiga, ita kaɗai, ban da namu. Na sha jin abin da hakan ke nufi, ni da na yi boko. Abin da na yi shi ne na zuba kalanzir na kashe tururuwan.

A kwana na tara muka kai ta Gozaki. Goggo Abu, ƙanwar mahaifin Malam, ita ce tsohuwar da ta rage a gidan, ita ta ja mu har gonar da aka ce ta kakannin ce. An riga an karye masarar, an sare kara, sai kututture tsaye ko'ina. Hajiya Memuna ta tsaya a bakin gona ta cire silifas ɗinta. Malam ya ce ta mayar, akwai kututture. Ta ce kwana uku ta yi a mota don ta taka ƙasar nan, ba don takalminta ya taka ba. Ta shiga ta yi tafiya har tsakiya, ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta dawo. Ba wanda ya ga ta yi ɗingishi.

A mota muna dawowa na ga jini a silifas ɗinta na dama. Na nuna mata, ta leƙa kamar ƙafar wani take kallo, ta ce ita ba ta ji komai ba. Da muka isa gida na duba. Huji ne a ƙarƙashin babban yatsa, bai fi ƙwayar dawa ba. Na wanke da ruwan gishiri na bar shi. Tunda mai ƙafa ta ce ba zafi, ni mene ne nawa?

Sati biyu suka cika, ta fara haɗa kaya. Sai muka taru muka hana ta. Maƙwabciyata za ta aurar da 'yarta saura kwana goma, kuma a wurinmu abin kunya ne baƙo ya sa ƙafa ya fita biki na ƙofa. Ta ce Razak zai yi faɗa. Malam ya kira Razak ya roƙe shi. Ta mayar da jakarta ƙarƙashin gado.

Ana saura kwana huɗu biki na kwaɓa mata lalle da hannuna. Na ce ba za ta shiga taro da farar ƙafa ba a ce ba ta da 'yar'uwa a garin. Da nake shafawa na ga hujin yana nan, bakinsa ya ɗan yi fari, gefen ya tasa. Na ce ai lalle ma magani ne, yana kama ciwo, na cusa masa da kyau. Na ɗaure ƙafafun da leda tun hantsi har la'asar, washegari na maimaita. Sannan na bi da gishirin lalle da toka don ya yi baƙi. Ya kuwa kama, baƙi wuluk, tun daga yatsu har dunduniya. A wurin biki mata sai tambaya suke wa ya yi mata.

Kwana biyu bayan biki zazzaɓi ya rufe ta. Muka kira mai kemis na bakin titi, ya ce na sauro ne, baƙi ba sa jure sauronmu, ya yi mata allura uku. Bai sauka ba. Ya dawo ya ce to taifot ne, ya canza ƙwayoyi. Bai tambaye ta komai ba, bai kalli ƙafa ba, mu ma ba mu nuna masa ba. A satin nan ƙafar ta kumbura har idon sawu. Goggo Abu ta zo daga Gozaki da ƙullin saiwoyi, ta ce ba ciwon asibiti ba ne, wani abu ta taka a gonar, a yi mata hayaƙi safe da yamma. Wata ta ce a shafa zuma. Wani ya aiko da rubutu. Duk mun yi. Masu dubiya kuma kowa da kwanonsa, don marar lafiya ba ya son tuwo, sai kunu mai zaƙi da lemon kwalba.

Ta fara roƙona in ƙara mata turaren wuta a ɗaki. Na ɗauka turarena ne ya burge ta, har na yi alkawarin haɗa mata kwalba guda ta tafi da shi. Wari take rufewa.

Ranar wata Talata da azahar ta kasa sunkuyawa ta yi alwala, sai na ɗauki buta na durƙusa in wanke mata ƙafa. Lokacin lallen ya kwana goma sha biyu, ya fara sakin jiki. Duk yatsun sun koma ja-ja, har fatar ta fara leƙowa. Babban yatsan dama kaɗai ne bai koɗe ba, sai ma ƙara baƙi da ya yi, baƙin ya haura inda ban sa lalle ba. Na kama shi, sanyi ƙalau kamar ba a jikin mutum yake ba. Nan tururuwan nan suka faɗo mini a rai.

Na ce, "Yaya, kina da ciwon suga?"

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya."

"Maganin fa?"

"Na sati biyu na taho da shi. Na yi ta rabawa biyu, ya ƙare ranar kamun amarya."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Ranar farko kwano tara aka kawo mini. Na wa zan mayar? Na ce gobe zan faɗa. Da gari ya waye na riga na ci na jiya. In na buɗe baki, kamar na ce wa dangin kakana guba kuka ba ni."

Na ajiye butar na je na kira Malam daga masallaci.

Muka fara zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi a Funtua. Aka ɗiga jininta a 'yar na'urar gwajin suga, na'urar ta ƙi nuna lamba, ma'aikacin ya ce abin ya wuce inda take iya ƙirgawa. Suka sa mata ruwa, suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, suka ce ƙafar ta fi ƙarfinsu. Na gode musu da ba su riƙe mu suna gwaji a kanta ba.

A babban asibitin muka bi layin kati tun sanyin safiya har aka kira azahar, tana zaune a kujerar guragu da muka yi aro, ƙuda na bin zanin da na rufa mata a ƙafa. Gado babu. Kwana biyu ta yi a baranda kan tabarma, ledar ruwa rataye a ƙusar taga. Komai sai ka saya da kanka: safar hannu, auduga, allura, har ledar da za a ɗebi jini. Kowace takarda tagarta daban, kowace taga layinta daban. Malam ya sayar da masarar da ya yi niyyar ajiyewa sai bazara, a farashin kaka, bai taɓa ambata ba. Wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa a gaban mutane, wai mu ƙauyawa sai mun ruɓar da mutum muke kawo shi. Na ji zafi. Akwai kuma wata nas, iyayenta mutanen kudu ne amma haihuwar Funtua ce, Hausarta ta fi tawa. Ita ta samo mana gado, ita ta koya mini wankin ciwo, tana kiran Hajiya Memuna da Mama. Da aka nemi jini, maza shida suka cika mota daga Gozaki, waɗanda ba su taɓa ganin Kumasi ko a hoto ba, suka miƙa hannu. Allah ya saka musu.

Likitan da ya duba ta ba mai yawan magana ba ne. Ya juya ƙafar, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Wa ya sa mata lalle?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Hajiya, ba lalle ne ya kawo ciwon ba. Amma yatsa ba ya mutuwa rana ɗaya, sai ya yi kwanaki yana canza launi, ja, sannan shuɗi-shuɗi, sannan baƙi. Da farar ƙafa ce, da tuni kin gani." Sai ya ce naman ya mutu, a cire yatsan yau a tsira da sauran. Kalmar nan, naman ya mutu, har yanzu in na shiga kasuwa na bi ta layin mahauta sai ta dawo mini.

A nan muka yi kuskure na ƙarshe, kuma shi ya fi tsada. Goggo Abu ta ce atafau ba za a yanka ba. Baƙuwa ta zo da yatsu goma, da wane ido za mu mayar da ita da tara? Me za a ce da mutanen Gozaki a can Gana? Malam kuwa ba ya iya tsallake maganar goggonsa. Ita mai ƙafar zazzaɓi ya sa ba ta san inda take ba. Wanda ya isa ya yanke hukunci shi ne Razak, ni kuwa sati biyu ke nan kullum ya kira sai in ce masa ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi, tana barci. Na ga laifin Hajiya Memuna da ta ɓoye mini ciwonta don kunya, ga ni ina yi wa ɗanta irin wannan ɓoyon. Kullum sai in ce gobe zan faɗa masa.

Kwana uku muka ɓata. A rana ta uku nas ɗin nan ta ɗaga auduga ta nuna mini, baƙin ya kama yatsu biyu na kusa. Na fita bakin ƙofa na kira shi, na faɗa masa komai, har lallen. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Umma, tun yaushe?" Na faɗa masa. Sai ya ce, "Ku sa hannu. Ina zuwa."

Ba yatsa ɗaya aka cire ba. Rabin ƙafar aka yanke, duk gaban, aka bar mata dunduniya. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da daga gwiwa za a yi magana. Da aka fito da ita na ga dunduniyar ta leƙo ta ƙasan bandeji, da sauran jan lallena a jiki.

Razak ya iso bayan kwana huɗu. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ɗa ke gaida uwa, ya gode wa Malam, ya bi mutanen Gozaki ɗaya bayan ɗaya da godiya. Bai taɓa yi mini maganar amana ba har ya koma. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sati biyar ta yi a asibiti, sannan wata guda a gidana kafin likita ya yarda ta hau jirgi. Na koyi yi mata allurar suga a ciki, na koyi ajiye kwalbar maganin a gindin randa saboda wutarmu ba ta da tabbas. Abincinta ya koma wake, zogale, kabeji, ɗan tuwon dawa kamar dunƙulen hannu. Kullum da safe ina wanke ciwon, sannan in ɗauki ƙafar hagu in duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kwanuka kuma ba su daina zuwa ba, sai na ɗauki kujera na zauna a bakin zaure. Duk wanda ya zo in buɗe, in na ga zaƙi in rufe in ce a mayar, an gode. Maƙwabciyata mai biki ta yi sati ba ta amsa gaisuwata ba. Goggo Abu har yau cewa take asibiti ne suka yi gaggawa. Ba na musu da ita, ta haifi wanda ya girme ni.

Abin da zan ce wa masu saukar baƙi kaɗan ne. Ranar da baƙo ya sauka, kafin ki tambaye shi me yake so ya ci, tambaye shi me aka hana shi ci, da wane magani yake sha, da na kwana nawa ya taho da shi. Ki tambaya ke da shi, ba a gaban mutane ba, don a gaban mutane cewa zai yi lafiya lau. In babba ya ji ciwo a ƙafa ya ce ba ya jin zafi, wannan ba abin murna ba ne. Kada a rufe ciwo da lalle ko da na ƙwayar dawa ne. In kuma an ba ki amanar mutum, mai amanar ya ji labari ranar da abin ya faru. Wanda zai yi tafiya ya sauka a gidan mutane, shi ma ya buɗe baki tun a zaure. Kwanon da aka mayar ana mantawa da shi.

Yanzu tana tafiya da sanda da wani takalmi da aka ɗinka mata. Muna waya duk Juma'a. Satin da ya wuce ta turo mini hoton ƙafarta ta hagu. Farcen babban yatsa ya tofo fari, sai a can bakinsa akwai ɗan siririn ja, ragowar lallen nan. Ta kira ta ce, "Ƙanwata, kin ga abin da ya rage na kwalliyarki. Yau zan sa reza in yanke."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce kada ta kuskura ta kusanci reza, ita da ba ta jin ƙafarta. Ta jira Razak ya kai ta a yanke mata a asibiti, kuma in na ji ta taɓa farcen nan da kanta, ni da ita ne. Na tambaye ta me ta ci da safe, ta ce koko, na ce da suga ko babu, ta yi shiru, na ƙara yi mata wani faɗan.

Ta bari na gama tas. Sannan ta yi 'yar dariya ta ce, "Da haka kika yi mini tun ranar da na sauka, da yanzu ina da yatsuna."